Gayyar Baffa Tanko

Bana ma ruwa ya yi mana halin nasa. Ya sauka da wuri, ya ruɗe mu muka zuba iri, gero ya fito ya kusa kai gwiwa, sannan ya ɗauke ƙafa har kwana goma sha biyu. Shekaranjiya da ya dawo na fita gona da safe, na tarar da maƙwabcina ya goya tankin feshi yana bin kunya yana fesa maganin ciyawa, rediyo rataye a wuya. Shi kaɗai, kafin azahar ya gama aikin da a da sai an tara ƙarti ashirin. Ina tsaye ina kallonsa, ƙamshin jiƙaƙƙen yashi na shiga hancina, sai na ji raina ya ɓaci. Ba da shi nake ba, bawan Allah. Wata damina ce ta faɗo mini, yau shekara talatin da ɗoriya, daminar da na ɗaura niyyar ganin bayan Baffa Tanko.

Baffa Tanko ƙanen mahaifina ne. Ya daɗe da rasuwa, kuma na san ba a son tonon laifin mamaci. To, na bar shi da Mahaliccinsa. Amma labari zan ba da shi yadda ya faru, ba zan shafa masa mai ba.

Ƙauyenmu yana gabas da garin Babban Mutum, dab da iyaka. Ina saurayi na tafi ci-rani Kurmi, ciwo ya kwantar da ni a can, na shekara uku ban dawo ba. A bayana mahaifina ya rasu. Baffa ya je gaban mai gari ya ce wani ɗan ci-rani ya ga kabarina da idonsa. Har sadaka ya yi mini, ƙosai da gumba, mutane suka ci suka shafa fatiha. Daga nan ya share iyakar da ke tsakanin gonarsa da ta ubana, ya mai da su ɗaya. Da na dawo da ƙafata, bai ko ji kunya ba. Cewa ya yi na dawo da shaye-shaye, ba a ba irina gona. Ni kuma na ɗauki gatari. Maza huɗu suka danne ni, mai gari ya ce kada in sake taka garin. Inna, mahaifiyata, ta zauna a ɗakinta cikin gidan Baffa, don ba ta da wurin zuwa.

Haka na faɗo Daura. Shekara ɗaya da rabi ina tasha, ina dako in an samu, ina kwana a ƙarƙashin rumfar 'yan kamasho. Wanda bai yi bazara a kan siminti ba bai san zafi ba. Da hantsi kwano ya riga ya gasu, ƙasa na huci, ƙudaje ma sun gaji da tashi. Gumi ya bushe a jikinka ya bar gishiri, rigarka ta ƙame. Ka sha ruwan randa ka ji shi da ɗumi. Yunwa kuwa tun tana cizo har ta daina, sai dai jiri in ka miƙe da sauri. Duk wannan bai hana ni aikina ba, wato tunanin Baffa. Da shi nake tashi, da shi nake wuni. Na kashe shi a zuci ya fi sau ɗari, kuma kowace rana da irin kisan da nake masa.

A nan Baba Yohanna ya same ni. Tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa ne daga kudancin Zariya, Kirista, gajere, mai furfura da ƙaton tabarau. Shi da matarsa Mama Rifkatu, wadda ta yi aikin jinya ta yi ritaya, cocinsu ya kama musu wani tsohon gida a bayan gari, kan hanyar Mai'adua, suna tattara maza irina da duniya ta watsar. Ya tsuguna gabana ya ce, “Malam, ka iya noma?”

Na ce, “In addininku za ka ce in shiga, tashi ka ba ni wuri.”

Ya ce, “Noma na tambaye ka. An ara mana gona, ni kuwa citta da doya na sani. Yashin nan naku ya fi ƙarfina.”

Na bi shi saboda tuwo, gaskiyar ke nan.

Mu tara ne a gidan. Akwai wanda ya fito daga kurkuku danginsa suka ƙi shi, akwai wanda ƙwaya ta cinye, akwai Audu Direba da ya yi hatsari da fasinja, tun daga ranar bai sake iya riƙe sitiyari ba. Da asuba mu Musulmi mu yi alwala, don butoci da tabarmi Baba Yohanna da kansa ya sayo su. In mun idar, mu ji shi da matarsa suna waƙarsu a hankali a ɗaki. Sai koko, kofi ɗaya ba ƙari. Sai shara, ɗebo ruwa, gona. Doka uku ce: ba shaye-shaye, ba duka, ba wanda zai ci bai yi aiki ba sai mara lafiya. Mutanen gari suna mana kallon hadarin kaji, wasu su ce an saye mu. Yanzu gidan ya zama na bulo, da injin walda da kekunan ɗinki, har iyaye ke kawo 'ya'yansu da suka lalace. A lokacin kuwa mai shayi ma sai ya ware mana kofi.

Shekarar ba ta zo da sauƙi ba. Kakar da ta wuce ba a samu abin kirki ba, hatsi ya yi wuya tun kafin bazara ta ƙare. Tuwon dare ya koma rabin malmala, na rana ya koma kwaɗon zogale da ɗan ƙuli. Ni na sa muka yi binne, wato muka zuba gero a busasshiyar ƙasa muka rufe, muna jiran sama. Baba Yohanna yana biye da ni yana ta tambaya, “Idi, ka tabbata ba zubar da iri muke ba?” Kwana tara muna kallon gabas. Ran na goma da la'asar iska ta juyo, gari ya yi duhu, aka ɓarke da ruwa. Muka fito tsakar gida mu tara, manya da gemu, muka tsaya a ciki muna ihu. Audu Direba ya buɗe baki sama yana sha. Kwana huɗu bayan nan gona ta yi kore shar, Baba Yohanna ya cire tabarau ya goge ido.

Ranar ya fara kirana Sarkin Noma. Ya ce in aka yi kaka lafiya zai nema mini aron gona tawa ta kaina. Na ji daɗi, ba zan ɓoye ba. Amma gonar da nake so tana gabas da Babban Mutum.

Da ruwa ya zauna sai kurkunu ya fito. Yaran yanzu ba su san shi ba, tun da rijiyoyin burtsatse suka yawaita ya ɓace. Tsutsa ce da ake sha a ruwan tafki, ta shekara a jiki, sai lokacin noma ya yi ta fasa ƙafa ta leƙo. A naɗe ta a tsinke ana ja kaɗan-kaɗan, mutum ya yi wata biyu bai taka ba. Mama Rifkatu ta shiga zaga ƙauyuka a tsohuwar a-kori-kurar gidan, tana wanke gyambo tana raba ƙyallen tace ruwa. Wata rana suka dawo, Baba Yohanna ya kira ni gindin darbejiya.

Ya ce, “Mun je garinku. Baffanka na kwance, ƙafa biyu duka. 'Ya'yansa ba su isa noma ba, rabin garin ma a kwance suke. Ciyawa ta kusa shanye geron.”

Na ce, “Alhamdu lillahi.”

Ya dube ni ta saman tabarau. “Na roƙi mai gari, ya yarda ka shiga. Ina so mu kai masa gayya, mu goma, mu nome gonar a wuni ɗaya. Kai za ka ja mu. Idi, abin nan da ke cikinka ya fi kurkunu, ina so ya fita.”

Na sunkuyar da kai kamar maganar ta shige ni. Ta shige ni kuwa, amma ba ta inda yake zato ba. A take na ga abin da zan yi. Duk manomin gero ya san shi, ko da yake ba mai faɗa: in ka kwantar da bakin hauya ka tura ta ƙarƙashin gindi, za ka yanke saiwa gaba ɗaya, shuka na tsaye. Ka mai da yashi ka taka da ƙafa, ba wanda zai ga komai sai rana ta buɗe. Na ce, “To, Baba. Allah ya kai mu.” Ya rungume ni, tsohon kirki. Na wuni ina wasa hauyata a kan dutse, yana wucewa yana yaba ƙwazona.

Muka isa da sassafe, sama a lumshe, ba rana. An shimfiɗa wa Baffa tabarma a ƙofar gida, ƙafafu a kumbure, ƙudaje na bi. Na ɗauka ciwo ya rage masa baki. Ina! Ya dube ni sama da ƙasa ya ce, “Idi, ashe abin naka har ya kai ga cin tuwon coci?” Baba Yohanna ya matse mini hannu. Na durƙusa na ce, “Ina kwana, Baffa. Ya jiki?” Ban taɓa gaishe da mutum da daɗin rai irin na ranar ba.

Na saci kallon zaure ko zan ga Inna, ba ta fito ba. Ban yi mamaki ba. Ni ne ɗanta na fari, ko sunana ba ta kamawa, balle ta fito gaban maza tana rawar jiki don na zo. Kunyar ɗan fari ce, haka muka tashi muka gani. Na ce a raina in an tashi aiki na shiga na gaishe ta.

Gonar ubana na nan yadda na san ta, da gawon da muke hutawa a gindinsa, da gidan tururuwar da ke bakin hanya. Ciyawa ta yi mata yawa, geron ya yi rawaya ya siririce. Sai wani yanki ta yamma, kunya kamar talatin, shi kam ya yi baƙi ƙirin don kyau, ganye faffaɗa, kara da kauri. Da gani an ba shi taki ya ƙoshi. Na ce a raina, nan ne idon Baffa, nan ya zuba ƙarfinsa. Da yake ni ke rabon aiki, na jera mutane ta gabas, na ce su yi ta turawa. Na ce wannan yankin ciyawarsa kaɗan ce, ni kaɗai na isa.

Ba makaɗi, sai Audu Direba da ke buga jarka in ya gaji yana yi wa kowa kirari. Can gabas suna ta dariya, Baba Yohanna na fama da hauya yana sare iska. Ni kuwa na duƙa. Tura, yanke, taka. Ina jin ƙarar saiwa tana tsinkewa a tafin hannuna, ƙaramar ƙara, ɗas. Kowane gindi da abin da nake ce masa. Wannan na kabarina. Wannan na ƙosan sadakata. Wannan na simintin tasha. Gumi na zuba a idona ban share ba, bayana na ciwo ban miƙe ba. Wallahi ban taɓa jin daɗin noma kamar na wannan hantsin ba, kuma ba zan yi ƙaryar cewa zuciyata ta yi mini gargaɗi ba. Kafin azahar na gama kunya talatin, ban bar gindi ɗaya ba.

A al'ada mai gayya ke ciyarwa. Baffa ko ruwa bai aiko ba. Muna zaune gindin gawo sai ga tsohuwa tafe da ƙwarya a ka. Inna ce. Ta rame, ta rage tsawo, zanenta ya koɗe. Ta sauke fura, ta gaishe da Baba Yohanna, ta gaishe da kowa ɗaya bayan ɗaya, ni ta tsallake ni. Sai da suka shagala da sha ta matso, tana kallon wani wuri daban.

Ta ce, “Kai, an ce kai ka nome ta yamma.”

Na ce, “Ni ne, Inna.”

“Wa ya faɗa maka tawa ce?”

Ludayin da ke hannuna ya tsaya.

Ta ce, “Tun bara ya yanka mini ita gayauna. Ya ce abin da ta ba ni shi ne abincina, kada in sake kallon rumbunsa. Duk rani da kaina na yi ta jidar toka da kashin awaki ina kaiwa.” Ta gyara ɗankwali. “Ka tsallake duk gonar nan ka zaɓi tawa da hannunka. Allah ya yi maka albarka.”

Na juya na dubi yamma. Geron na tsaye kore shar, iska na kaɗa shi. Aka yi yayyafi da la'asar, ya ƙara masa kyau. Muka hau mota mutanen gari na ta sa mana albarka, ni kuwa furar nan ta tsaya mini a ƙirji har Daura.

Kwana biyu sama na rufe. Ran na uku rana ta buɗe, ran na huɗu mai gari ya aiko a zo. Muka tarar da rabin gari a gona. Ta gabas, inda 'yan gidanmu suka yi noman Allah da Annabi, geron Baffa ya farfaɗo ya miƙe. Ta yamma kuwa kunya talatin sun kwanta, sun yi fari. Ana ta hayaniya. Wani ya ce dama ya faɗa, mutanen coci ba sa alheri a banza, wani abu suka barbaɗa. Wani ya ce a kai magana Daura a tashi gidan nasu. Baba Yohanna na tsaye yana juya hula a hannu, bai san ma me ake zarginsa da shi ba. Wani dattijo ya duƙa zai tumɓuke gindi ɗaya ya duba.

Inna ta ce, “Malam, bar shi. Gonata ce.”

Ita ta duƙa ta ja. Ya taho mata ba wuya, ba saiwa. Ta dubi wurin yankan, sumul, irin wanda ƙarfe kaɗai ke yi. Ta daɗe tana kallo. Sannan ta dunƙule shi ta cusa a bakin zane.

Ta ce, “Gara ce. Na daɗe ina ganinta a wurin nan. Bayin Allah sun yi mana aiki, a bar su su tafi.”

Mai gona ta yi magana, ba wanda ya ja.

A hanya na faɗa wa Baba Yohanna komai. Ya sa aka tsayar da mota, ya sauka ya yi tafiya cikin gonakin mutane har ya ƙanƙance, sannan ya dawo. Na ɗauka korata zai yi. Ya ce, “Da laifina. Na ɗauka in na ɗora ka a mota na kai ka, shi ke nan ka yafe.” Ya hau ya zauna. “Ba ni ka yi wa ba, Idi. Ita za ka faɗa wa.”

Lokacin gero ya wuce, sai wake muka samu muka zuba mata a wurin. Watan takwas na shekarar nan ba na son tuna shi. Ruwa kullum, gari kore ko'ina, ciki kuwa wayam. Inna ta koma tafasa da rama, ta dafa ta matse ta ci da gishiri. Mama Rifkatu takan auna ɗan gari daga rabon gidan, ni kuma na daina cin na rana ina tarawa, duk Juma'a in kai mata. Ta karɓa ta ce an gode, ba ta ƙara komai. Sau bakwai ina zuwa da maganar a bakina ina komawa da ita. Baffa kuwa ya warke sarai. Gonarsa, gonar ubana, ta yi abin da ba ta taɓa yi ba. Ya yi ta yawo yana cewa Allah ne ya duba zuciyarsa. Ko zangarniya ɗaya bai miƙa wa Inna ba.

Da kaka na je taya ta roron wake. Rana ta yi sanyi, kara ya bushe yana ƙara. Muna duƙe ni da ita, jakunan Baffa na wucewa ta gabanmu da dammunan gero, ɗaya na bin ɗaya, yana biye da su yana ɗingishi yana ba da umarni. Na ƙirga har na gaji. Waken da muka tara bai cika buhu ba.

Na ce, “Inna, ba gara ba ce.”

Ba ta ɗago ba. Ta ci gaba da tsinka tana jefawa a ƙwarya.

Na ce, “Ni ne. Na ɗauka nasa ne. Ki yafe mini.”

Ta ce, “Na san ba gara ba ce. Ni aka haifa jiya?”

Ta miƙe a hankali, hannu a ƙugu, ta bi jakunan da kallo har na ƙarshe ya sha kwana. Sannan ta juyo ta dube ni cikin ido, abin da ba ta taɓa yi ba tun da na yi wayo.

Ta ce, “Abin da ya fi ci mini rai, ka shigo gari ba ka leƙo ka tambaye ni ba. Ai da na nuna maka inda nasa ya fara.”